Bahagon Haske

A Aliero na tashi, garin albasa,
inda Inna Tumba ta fasa ludayi biyu a bayan hannuna.
"Hannun ga ba na ci ba na," in ji ta.
Sai na koyi ɓoye hagu cikin riga
kamar ɗan akuyar da aka sato.

Babana Arzika igiya yake tufkawa.
Yakan murza rama a cinya, ya ce:
"Kowace igiya da inda ta karkata.
Bi ta hanyarta, ta ɗauke maka guga.
Juya mata, ka warware aikin yini."

Yau ga ni a ɗakin gwaji,
janareta na tari a bayan taga,
Dakta Ige ta ɗago wani abu da matsefata.
Na zaci gilashi mai tumbi zan gani,
irin na mai gyaran agogo a kasuwar Jega.
Ashe sumul yake, ba ciki, ba doro,
ɓawon albasa da iska ke ɗauka ya fi shi fāɗi.

Ta ce, "Kada sumul ɗinsa ya ruɗe ka.
A fuskarsa turaku ne, dubu bisa dubu,
silin gashinka a gabansu kututturen kuka ne.
An jera su kamar dashe a fangali,
kowanne an ɗan kauda fuskarsa
ya saɓa wa maƙwabci kaɗan.
Su ke tare haske a bakin ƙofa,
su ce: ta wane hannu ka murɗo?"

Ashe shi ma haske ana tufka shi.
Wani na tafe yana naɗewa dama,
wani hagu,
ido kuwa ya karɓe su duka da sannu da zuwa,
bai taɓa tambaya ba.

Kuma ƙwayoyin sinadari, ta ce, akwai tagwaye,
awo ɗaya, kaya ɗaya,
sai dai ɗaya shi ne ɗan'uwansa a cikin madubi.
Sa takalmin hagu a ƙafar dama,
taka zuwa Birnin Kebbi, ka dawo ka ba ni labari.
Haka jiki yake da su:
wannan ya shiga ya kwantar da ciwo,
wancan ya wuce a banza,
ko ya bar ɓarnar da ba a aike shi ba.
Sikeli ba ya raba su. Harshe ma ba kullum ba.
Haske mai murɗa kaɗai ke taɓa kafaɗarsu
su waiwayo.

Na kawo wani koren ƙwaro
da na tsinta a gindin mangwaron bakin gyat.
Muka aza. Muka kashe fitila.
Allo ya tsage biyu, hoto biyu, ƙwaro ɗaya.
Na dama duhu, kamar gawayin da ruwa ya doka.
Na hagu kuwa,
kore shar, yana ƙyalli,
kamar fadama bayan an saki ruwa.

Na yi dariya har ta harare ni.
Ɗan'uwana ne, na ce.
Ba wanda ya fasa masa ludayi.

Ta ce, "Tubalan da aka gina tsokarka,
na hagu masana suka kira su.
Sukarin jininka kuma na dama."
Na dubi tafuna biyu.
Na haɗa su, suka dace.
Na ɗora ɗaya bisa ɗaya, suka ƙi.

Da magariba na koma gida.
Inna Tumba, ido ya yi hazo,
ta turo akushi da ƙafa.
Na sa dama, yadda aka hore ni,
hagu na riƙe mata fitila.

"Wai mi kuka yi can, yini guda?"
"Muna rarrabe hagu da dama, Inna."
Ta daɗe tana tauna goro.
"Wannan ai tun kana shekara huɗu na koya maka.
Har yau ba a biya ni ludayina ba."